Rijiyar Gari Ko Rijiyar Gida: Wace Irin Saba Ta Dace Da Makarantunmu?

Mutanen Lambara da sauran garuruwan da ke yankin Bodinga da Shagari sun san cewa ba a yabon rijiya da damina. Daga watan Yuni zuwa Satumba kowane rami yana da ruwa. Sai watan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, mata da makiyaya sun taru a bakin rijiya guda tun asuba, sa'an nan ake gane wadda ke da idon ruwa da wadda ba ta da shi. Wannan ilimi na mutanen karkara shi ne nake so mu ɗauka mu auna wata matsala ta zamani da shi, wato irin kwamfutar da makarantu da hukumomi ke haya domin ajiye shafukansu na intanet.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Lambara da wannan batu. Ruwansa kuwa babba ne. Tun daga shekarar 2015 duk mai neman shiga jami'a ta hanyar hukumar JAMB da kwamfuta yake rubuta jarrabawa, bayan an fara gwada tsarin a 2013. Neman gurbin karatu, da biyan kuɗin makaranta, da rajistar darussa, da duba sakamako, duk sun koma kan intanet. Yaron da ya biya kuɗin mota daga ƙauye zuwa Sakkwato, ya biya mai shagon intanet, ya wuni yana kallon shafin da ya ƙi buɗewa, ya yi asarar kuɗin da watakila sai da aka sayar da akuya ko tiyar gero kafin a same shi. Sau da yawa asalin wannan asara wata shawara ce da aka yanke a ofis watanni kafin ranar, ba tare da an fahimci abin da ake saye ba.

Mece ce saba, mece ce ƙwaya?

Saba ita ce babbar kwamfutar da ke zaune dare da rana tana amsa buƙatun masu buɗe shafi. A cikinta akwai furosesa, wato ɓangaren da ke yin lissafi da sarrafa umarni. A da can furosesa guda aiki guda yake yi a lokaci guda. A shekarar 2001 kamfanin IBM ya fitar da POWER4 mai ƙwaya biyu, a 2005 kuma Intel da AMD suka kawo irin wannan fasaha kasuwar gama-gari. Ƙwaya a nan tana nufin ma'aikaci guda mai zaman kansa a cikin furosesa. A yau akwai furosesa mai ƙwaya 64 ko fiye.

Tun da yake ba kowace makaranta ce ke buƙatar wannan ƙarfi duka ba, kamfanonin haya sukan sa wata manhaja mai rabo ta yanka saba guda zuwa ƙananan sabobi masu yawa, kowane mai haya ya ga kamar kwamfutar tasa ce shi kaɗai. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin IBM ta fitar da tsarin VM/370 tun 1972, amma ta bazu ne bayan da Amazon ya buɗe kasuwar hayar saba a 2006. A nan ne zaɓi ya kasu biyu. Akwai ƙwayar haɗaka, inda masu haya da dama ke karɓa-karɓa a kan ƙwaya guda, kowa ya sami rabonsa na ɗan ƙanƙanin lokaci. Akwai kuma keɓantacciyar ƙwaya, wadda aka ware wa mutum guda, ko ya yi aiki da ita ko ya bar ta zaune. Kamfanoni irin su DigitalOcean da Hetzner da Linode duk suna sayar da nau'o'in biyu, kuma ta haɗaka ita ce mai araha. Ta farko rijiyar gari ke nan, ta biyu rijiyar cikin gida.

Haɗaka ba laifi ba ce

A shekarar 1968 wani masanin ilimin halittu, Garrett Hardin, ya wallafa maƙala a mujallar Science inda ya yi hujjar cewa makiyayar da kowa ke da iko da ita ƙarshenta lalacewa, domin kowane makiyayi zai ƙara dabba har ciyawa ta ƙare. Daga baya Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ta nuna da misalai daga ƙasashe daban-daban cewa dukiyar haɗaka tana ɗorewa matuƙar akwai doka, da mai sa ido, da hukunci ga wanda ya ƙetare iyaka. Mu a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga wannan. Burtali da mashaya da sarautar Sarkin Ruwa, wanda ke hana su har sai lokacinsa ya yi, duk hanyoyi ne na tsare abin da jama'a suka yi tarayya a kansa.

Haka abin yake ga saba. Mafi yawan shafuka barci suke yi a mafi yawan sa'o'in yini. Shafin da ke ɗauke da tarihin makaranta da sunayen sassa da sanarwa ba ya cin ƙarfin ƙwaya sai kaɗan. Ware masa keɓantacciyar ƙwaya almubazzaranci ne, balle ma da yake yawancin wannan haya da dala ko yuro ake biya, kuma tun bayan da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023 nauyin biyan ya ninka ga duk mai samun kuɗinsa da naira. Don haka ban yarda da masu cewa duk abin da ya fi tsada shi ya fi dacewa da martabar jami'a ba. Kuɗin da aka zuba a ƙwayar da ba ta aiki, kuɗin littattafai ne da sinadaran ɗakin gwaji.

Inda haɗaka ke cin amana

Amma fa haɗaka tana da sharaɗi guda da ba a cika faɗa wa mai saye ba: an gina ta ne a bisa zaton cewa ba duk masu haya ne za su buƙaci ƙwaya a lokaci guda ba. Ranar da maƙwabcinka a cikin saba ya tashi da haɗama, sabarka za ta shirya yin aiki amma a ce ta jira. Masana suna kiran wannan jira sataccen lokaci, kuma a manhajar Linux umarnin top yana nuna shi a ƙarƙashin haruffan st. Wasu kamfanoni kuma tsarin tara maki suke bi, kamar nau'in T2 da Amazon ya fito da shi a 2014: idan sabarka tana hutawa tana tara maki, idan aiki ya taso ta kashe su, in sun ƙare kuwa sai a mayar da ita ƙaramin gudu, ko a caje ka ƙarin kuɗi. Wannan ya dace da aikin da ke tasowa na mintoci kaɗan. Bai dace da makon rajista ba, wanda cunkosonsa ke kwana da kwanaki.

Domin a gane girman haɗarin, bari mu ɗan yi lissafi. Ilimin layin jira ya samo asali ne daga A. K. Erlang, injiniyan kamfanin tarho na Kwapanhagan, wanda ya fara wallafa aikinsa a 1909. A mafi sauƙin lissafin wannan fanni, idan buƙata guda tana cin daƙiƙa 1, kuma buƙatun suna zuwa ba bisa tsari ba, to idan ƙwaya tana aiki kashi 50 cikin 100 na lokacinta, mai buƙata zai jira kimanin daƙiƙa 2 kafin a sallame shi. A kashi 80 daƙiƙa 5 ne, a kashi 90 daƙiƙa 10, a kashi 95 kuwa daƙiƙa 20. Mai karatu ya lura cewa jiran ba hawa yake a hankali ba, zabura yake yi. Yanzu a ɗauka sabar makaranta tana kan kashi 75, jira daƙiƙa 4 ne, kowa yana samun biyan buƙata. Sai maƙwabci ya janye kashi 20 na ƙarfin ƙwayar. Ɗaliban ba su ƙaru ko da mutum guda ba, amma jira ya koma daƙiƙa 20, ninki biyar ke nan. Daɗin daɗawa, wanda ya gaji da jira sai ya sake latsawa, ya ƙara wa layin tsawo, har abin ya kai buƙatun da ke shigowa sun fi waɗanda ake sallama. Daga nan shafi ya tsaya cik.

Darasin Liebig

Sai dai kuma kada a ɗauka sayen keɓantacciyar ƙwaya shi ne maganin kowace cuta. A ilimin tsirrai muna koyar da ƙa'idar da ake jinginawa ga Justus von Liebig na Jamus, a ƙarni na 19, wadda ke cewa girman shuka yana tsayawa ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci, ba wanda ya fi yawa ba. Idan fosfaras ne ya gaza a gonar gero, ko an juye buhunan yuriya amfanin ba zai kai yadda ake so ba. Shafin intanet ma haka yake. Mai yiwuwa ƙwaya lafiyarta lau, matsalar tana ga ƙarancin ma'adanar wucin gadi, ko jinkirin faifan ajiya, ko rumbun bayanan da aka tsara ba da kyau ba, ko shafin da aka cika da manyan hotuna waɗanda wayar ɗalibi a ƙauye ba za ta iya saukewa ba. Wani lokaci ma matsalar tana can cikin teku, kamar yadda aka gani ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin ruwa suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga ƙunci. Babu yawan ƙwayar da zai gyara wannan. Likitan kirki ba ya rubuta magani sai ya auna majinyaci.

Abin da nake ba da shawara

Na farko, a raba aiki gida biyu. Shafin sanarwa, da shafukan sassa, da wurin gwaje-gwajen ɗalibai, a bar su kan ƙwayar haɗaka. Rumbun bayanai, da shafin biyan kuɗi, da rajista, da jarrabawar kwamfuta, a ɗora su kan keɓantacciyar ƙwaya, domin a nan ne jinkirin minti guda ke zama asara ga talaka.

Na biyu, a bi kalandar karatu kamar yadda manomi ke bin kalandar damina. Yawancin manyan kamfanonin haya da sa'a suke lissafi, saboda haka ana iya ƙara ƙarfin saba mako guda kafin buɗe rajista, a rage bayan an rufe. Ranakun cunkoso sanannu ne, majalisar makaranta ce ma ke sa su da hannunta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, a riƙa aunawa ana rubutawa. Ma'aikacin sashen kwamfuta ya ajiye bayanin yawan aikin ƙwaya da sataccen lokaci na kowace rana. A ganina, idan sataccen lokaci ya wuce kashi 10 cikin 100 kuma ya daɗe a haka, lokacin ƙaura ya yi. Kafin ranar rajista kuma a gwada shafin da cunkoson ƙarya, akwai manhajoji na kyauta da ke yin wannan, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na huɗu, a karanta takardar kwangila da idon basira. Kalmar ƙwaya huɗu ba ta isa ba. A tambaya: ta haɗaka ce ko keɓantacciya? In keɓantacciya ce, cikakkiyar ƙwaya ce ko rabinta? Tambayar tana da dalili, domin tun 2002 Intel ya fito da dabarar da ke sa ƙwaya guda ta bayyana kamar biyu, kuma kamfanoni da yawa wannan rabin suke ƙirgawa a matsayin guda. Duk ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin keɓantacciya ya kawo ta haɗaka ya ci amanar jama'a, kuma sataccen lokaci ne zai tona asirinsa.

Na biyar, a sassauta wa'adi. Idan aka ba kowace tsangaya ranakunta na rajista, an rage cunkoso ba tare da an kashe ko kwabo ba, kamar yadda makiyaya ke shayar da garke bayan garke a mashaya guda.

Kammalawa

Abin da nake kira gare shi shi ne a daina auna saba da matsakaicin aikinta na shekara. Matsakaici yana ɓoye ranar tsanani, kuma a ranar tsanani ne ɗan talaka ke zuwa da buƙatarsa. Ɗalibin da ke cikin birni yana iya tashi ƙarfe biyu na dare ya sake gwadawa da wayarsa, amma wanda ya taso daga Lambara ko Sifawa ko Dandin Mahe sau ɗaya aljihunsa ke iya kawo shi. Shugabannin makarantu ba sai sun zama injiniyoyi ba kafin su kare haƙƙinsa. Ya isa su tambayi ma'aikatansu abu uku kafin su sa hannu a kowace takarda: wane aiki za a ɗora a kan wannan saba, wace rana ce mafi cunkoso, kuma me awo ya nuna a irin wannan rana a bara? Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana, amin.