Sautin da ke narkar da ƙari, da alkawarin da bai nuna ba tukuna

A watan Oktoban 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da izinin amfani da wata na'ura mai suna Edison wajen lalata ƙarin kansa a cikin hanta, babu wuƙa, babu allura. Masanan Jami'ar Mishigan sun shafe kusan shekara 20 suna aiki a kan hanyar, wadda suka raɗa wa suna histotirifsi. Irin sautin da ake duba cikin mai juna biyu da shi ne aka ƙara wa ƙarfi, aka tattara shi wuri guda. Bugunsa yana haifar da ƙananan kumfa a cikin ƙarin, su kumbura su fashe cikin ƙiftawar ido, har naman ya narke jiki ya tsotse shi. Yanzu kuma ana cewa aikin yana tayar da garkuwar jiki ta bi kansar har inda na'urar ba ta taɓa ba. A ganina maganar tana da tushe, amma ba ta isa a yi wa majinyaci alkawari da ita ba.

Tushen nata mai gamsarwa ne. Tsohuwar hanyar sauti tana ƙona ƙari ne da zafin da ya haura digiri 60, zafin kuwa yana dafe alamomin da garkuwa ke gane kansa da su. Histotirifsi farfasawa take yi, don haka alamomin suna fitowa ɗanyu. Ƙwayoyin garkuwa masu sintiri sai su kwashe su zuwa kaluluwa, su nuna wa mayaƙan garkuwa da ake kira ƙwayoyin T, su kuma su fita farauta. A wani bincike da aka wallafa a 2020, an narkar da ƙari a gefe ɗaya na jikin ɓeraye, sai girman na ɗaya gefen ya ragu, magungunan da ke kwance wa garkuwa takunkumi ma suka ƙara tasiri.

Sai dai likitocin da ke gasa kansa sun riga sun bi wannan hanya. Tun 1953 aka bayyana cewa akan gasa ƙari ɗaya, wani can nesa ya motse. A 2012 labarin wata mata mai kansar fata a Niyok, wadda aka haɗa mata gashi da maganin garkuwa, ya sa tsammani ya yi yawa. Amma da aka raba masu kansar kai da wuya gida biyu aka gwada, haɗa gashin da maganin garkuwa bai kawo wani bambanci ba. Dalilin da ya sa ba a dogara da sakamakon ɓeraye ba ɓoyayye ba ne: ƙarin ɓera dasa shi ake yi, makonni kaɗan gare shi, a jiki mai cikakkiyar lafiya. Na mutum kuwa ya yi shekaru yana koyon ɓuya, hanta kuma da ma gaɓa ce da ke kwantar da garkuwa saboda abin da hanji ke kwararo mata kullum. Gwajin mutum 44 da aka dogara da shi wajen ba wa na'urar Edison izini ya auna lalacewar ƙarin da aka nufa ne da rashin illa; bai auna tsawon rai ba.

Wani zai ce mai ciwon da ya bazu ba shi da lokacin jiran bincike, kuma tunda hanyar ba ta da illa sosai, me za a rasa? Maganar tana da nauyi, kuma wanda ƙarinsa ya dace da na'urar ya cancanci a yi masa. Amma akwai abin rasawa. Iyali na iya sayar da gona don jinya a ƙasar waje bisa zaton cewa narkar da ƙari ɗaya zai share sauran, su kuma jinkirta maganin da aka riga aka tabbatar. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kansar hanta tana cikin masu yawan kisa a Afirka ta Yamma, galibi sanadin ciwon hanta nau'in B, kuma akasari sai ta yi nisa ake zuwa asibiti. Hantar da ta shekara da shekaru tana fama da wannan ƙwayar cuta, garkuwarta ta gaji ta wata fuska dabam da ta yawancin waɗanda aka gwada a Amurka da Turai, inda da dama ƙarinsu daga wata gaɓa ya yaɗo. Saboda haka gwaje-gwajen da za su haɗa sautin da maganin garkuwa dole su raba majinyata gida biyu, su auna tsawon rai, su kuma sa masu ciwon hanta nau'in B da yawa a ciki.