WAIWAYE ADON TAFIYA: Littafin da ya riƙe asalin mutanen Kebek

 A wannan wata za mu leƙa ƙasar Kanada, lardin Kebek, inda miliyoyin masu jin Faransanci ke iya lissafa kakanninsu har zuwa mutumin da ya sauko daga jirgin ruwa shekaru fiye da 300 da suka wuce.

A 1608 ne Samuel de Champlain ya kafa garin Kebek a bakin kogin Saint-Laurent. A 1617 wani mai haɗa magunguna daga Paris, Louis Hébert, ya iso da matarsa Marie Rollet da ƴaƴansu, suka kama noma. Ƙidayar 1666 ta sami Faransawa 3,215 kacal, kuma maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba. Tsakanin 1663 da 1673 Sarki Louis na 14 ya biya kuɗin jirgin ƴan mata kusan 800, yawancinsu marayu da ƴaƴan talakawa, domin su je su yi aure. Su ake kira "Ƴaƴan Sarki", kuma akasarin Faransawan Kebek na yau suna da jini da su.

To, yaya aka san duk wannan? Limaman coci ne suka riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, tare da sunan uwa da uba. A 1640 gobara ta cinye littafin farko na Kebek. Limaman ba su naɗe hannu ba, suka bi mutane suna tambaya, suka sake rubutawa daga abin da aka tuna. Daga baya doka ta sa ana yin littafi biyu, ɗaya a coci, ɗaya a kotu. Daga waɗannan littattafai ne Fada Cyprien Tanguay ya haɗa ƙamus na asalin iyalai, juzu'i 7, tsakanin 1871 da 1890. Shi ya sa dubban masu suna Tremblay ke kai salsalarsu ga mutum guda, Pierre Tremblay, wanda ya iso a 1647.

Amma alƙalamin bai yi wa kowa adalci ba. A gidan Guillaume Couillard, surukin Hébert ɗin nan, akwai wani bawa da aka kawo daga Afirka yana yaro. Suka yi masa baftisma da sunan Olivier Le Jeune, ya mutu a 1654. Zuri'ar maigidan tana rubuce daki-daki, shi kuwa ko sunan da uwarsa ta raɗa masa ba a rubuta ba.

Mu fa? Da yawanmu iyayenmu sun zo nan ne ta hanyar fatauci ko neman karatu, kuma asalin gidajenmu yana cikin kawunan tsofaffi da bakin maroƙa. Duk tsohuwar da muka binne ba mu tambaye ta ba, tamkar gobarar 1640 ce, sai dai mu ba wanda zai sake rubuta mana. Mu sayi littafi, mu zauna gaban kaka, mu rubuta sunaye da garuruwa, da boko ko da ajami. Kada mu tsallake mata, kada mu tsallake barorin gida.

Allah ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa.