Hotunan zamanin Bakolori suna koɗewa a cikin akwatunanmu

Mai karatu, in gidanku yana cikin gidajen da suka ajiye albam tun shekarun 1970 ko 1980, ka nemi izinin mai ɗakin ka ciro shi daga ƙasan akwati, ka buɗe a bakin taga. Za ka tarar da hoton kakanka baƙi-da-fari, wanda aka ɗauka tun zamanin Sardauna, yana nan garau, har aikin wuyan rigarsa kana iya bi da ido. Hoton bikin mahaifinka mai kala kuwa, wanda ya zo bayansa da shekara ashirin, ya rine ya yi jaja-jaja kamar an tsoma shi a ruwan goro, farar malum-malum ta koma ruwan ƙasa, shuɗin sama ya gudu. Ƙane ya riga wansa tsufa. Mutane kan ɗora laifin a kan mai hoton da ya wanke shi, wani lokaci kuma da gaskiyarsu, amma asalin ciwon tare da shi aka haifi hoton.

Hoto baƙi-da-fari ƙwayoyin azurfa ne a kwance cikin wani danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, ita kuwa azurfa ƙarfe ce mai jimiri. Hoto mai kala rini ne zalla. Tun da kamfanin Kodak na Amurka ya fito da Kodachrome a 1935, Agfa na Jamus ya biyo shi da nasa a 1936, fim mai kala hawa-hawa ake shimfiɗa shi, dukkan hawan kuma a haɗe ba su kai kaurin silin gashi ba. Hawa ɗaya yana kama shuɗin haske, ɗaya kore, ɗaya ja. A wurin wanki kowane hawa sai ya haifar da rininsa: rawaya, da jan garura, da wani shuɗi mai ratsin kore. Daga nan a wanke azurfar ta fita gaba ɗaya, a bar rinin. Takardar da ake buga hoton a kanta daga nagetif ita ma haka take, hawa uku, rini uku. Duk launin da ka gani a fuskar amarya da lallen hannunta, haɗin waɗannan ukun ne.

Matsalar ita ce ukun ba su tsufa tare. A cikin duhun akwati, inda zafi da laima ke aiki, shuɗin nan mai ratsin kore shi ke fara mutuwa a yawancin takardun wancan zamani, shi ya sa hoton ke rinjaya zuwa ja. Wanda aka rataye a bangon falo kuwa haske ke cinsa, a nan sau da yawa jan garura ke fara tafiya, fuskoki su yi fari-fari kamar na masu jinya. Ɓoyewa ba ta tsirar da shi, ratayewa ma haka.

Akwai kuma wani sinadari na huɗu da ba a cika zancensa ba, wanda ni ya fi ba ni sha'awa. Takarda a ɗabi'arta ba fara tas ba ce, tana da ɗan rawaya-rawaya. Tun daga shekarun 1950 masu yin takardar hoto suka riƙa zuba mata sinadarai masu ƙyalli, waɗanda ke shanye wani haske da idonmu ba ya gani, wanda masana ke kira altarabayolet, su mayar da shi shuɗin haske da ido ke gani. Shuɗin ya haɗu da rawayar takarda, sai ido ya ga fari ƙal. A takarda mai kala har cikin ruwan wanki ake saka irinsu don su rage dattin da ke saura. Matanmu sun san dangin wannan dabara tun da daɗewa, don bular da ake sa wa farin kaya ita ma rawaya take kashewa. Bambancin kawai, bula rage haske take yi, wannan kuwa ƙarawa yake, kuma shi ne ke cikin omon wanki na yau. Wani Bajamushe mai suna Paul Krais ya fara nuna hakan a 1929, da ruwan ɓawon wata bishiya ta ƙasarsu.

Sai dai farin aro ne. Hasken rana yana gajiyar da sinadarin, ruwa yana iya wanke shi, idan ya tafi takarda ta koma ga launinta na asali, ga kuma ragowar sinadaran rini da ke rawaya da kansu in sun daɗe. Ka ga ke nan farar rigar ango ta sha duka ta fuska biyu.

Amma ƙyallin yana da wani amfani da masu yinsa ba su nufa ba. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake gwada takardar naira da ita, in ka haska ta a gefen hoto ko bayansa a cikin duhu, takarda mai sinadarin za ta yi walƙiya. Hoton da aka ce maka an wanke shi a 1935, in ya yi walƙiya haka, to an sake buga shi ne daga baya, ko kuma labarin ne aka ƙara wa gishiri. Da irin wannan shaida, cikin wasu, aka tona asirin littattafan sirri na jabu da aka jingina wa Hitila a 1983, bayan mujallar Stern ta zuba maƙudan kuɗi ta saye su: an samu sinadarin a takardar, alhali ba a fara sa shi ba sai bayan yaƙi. Na taɓa shiga aji da wannan fitila da tsofaffin hotuna biyar, ban taɓa ganin ɗalibai sun yi tsit irin na ranar ba.

To me ya kawo wannan dogon bayani a shafin da aka saba zancen siyasa da tsaro? Dalilina shi ne shekarun da hoto mai kala ya yaɗu a ƙasarmu, da kuma takardunsa suka fi rauni, su ne shekarun da ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun ta ga canjin da ba ta taɓa gani ba. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato. Ruwan ya kwanta a kan fili kimanin hekta 8,000, aka tashi mutanen ƙasar Maradun daga gidaje da gonakin da suka gada, aka baje gonakin wasu aka yanka su sabon yanka don noman rani. Rikicin diyya ya yi ta ruruwa har zuwa ƙarshen Afrilun 1980, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa manoman da suka tare hanyoyin aikin. Hukuma ta faɗi adadin mamatan da bai kai talatin ba, manoma da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Har yau ba a daidaita a kan lissafin ba.

Rubutu a kan Bakolori akwai shi, na Björn Beckman da William Adams da wasunsu, kuma muna karantar da shi. Abin da rubutu ba ya nunawa shi ne fuska da wuri: yadda unguwa take kafin ruwa ya rufe ta, wane ne ya tsaya kusa da wane ranar rabon fili, irin rigar da direban katafila ya saya da albashinsa na farko. Ma'aikatan madatsa sun ɗauki hoto, malaman makaranta sun ɗauka, alhazai sun dawo da kyamara daga Makka, masu hoto na kasuwar Talata sun wanke dubbai. Mafi yawansu ba su shiga wani ɗakin adana tarihi ba, suna cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano.

A nan ne lissafin ke tayar mini da hankali. Alƙaluman da Kodak ya fitar, waɗanda Henry Wilhelm ya tattaro a littafinsa na 1993 kan daɗewar hotuna masu kala, sun nuna in an ɗauki zafin digiri 24 a matsayin ma'auni, to a digiri 30 rayuwar rini tana raguwa da rabi, a digiri 7 kuwa tana ninkuwa sau goma. Shi ya sa manyan ɗakunan tarihi na Turai da Amurka ke ajiye finafinansu a ɗakin sanyi. Yanzu ka tuna ɗakin kwano a Bakura cikin watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa ke haura 40, sannan damina ta biyo da laimarta. Shekara ɗaya a akwatinmu tana cin abin da shekaru da yawa ba su ci a can. Ga kuma abin da ya fi zafi ɓarna: iyalin da 'yan bindiga suka koro daga ƙauye cikin dare, tabarma da ɗan hatsi suke ɗauka, ba wanda ke tuna albam, kuma ba mai ganin laifinsu.

Wata ɓarnar kuma da hannunmu muke yi, da kyakkyawar niyya. Mun ɗauka duk abin da muke so ya daɗe sai a kai shi laminatin. Na'urar tana gasa hoton, ta manne shi da leda yadda ba ya ɓamɓaruwa har abada, koɗewar kuma ta ci gaba a ciki. Albam mai shafi mai danƙo ma ɗan'uwansa ne wajen cuta. Ambulan na takarda mai tsabta a ɗakin ƙasa mai sanyi ya fi su duka. Nagetif kuwa, wanda yara ke wasa da shi suna kallon rana, kada a yar. Sau da yawa ya fi hoton da aka buga riƙe bayani.

Ɗakin sanyi mai wuta dare da rana ba abin da zan nema ba ne a jihar da asibiti ma ke fama da janareta. Abin da ke iya yiwuwa shi ne sikana mai kyau, da kwamfuta, da ɗalibai. Hoton da ya yi ja bai mutu ba tukuna, muddin akwai ragowar rinin a ciki kwamfuta tana iya dawo da mafi yawan launinsa. Wanda ya tafi gaba ɗaya ne ba shi da magani. A Talata Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jihar, a Bakura akwai kwalejin aikin gona. Kowace za ta iya tura ɗalibai gida-gida, su kwafi hoto a gaban mai shi su mayar masa nan take, a ajiye kwafi a nan, a aika wani Gidan Arewa a Kaduna ko Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Garuruwan da suka ba Zamfara gwamnoni uku, Yariman Bakura da Abdul'aziz Yari da Bello Matawalle, ba kuɗin sikana ne zai gagare su ba.

Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta ba. Hotunan cikin gida, musamman na mata, amana ne, ba za a kwafe su a watsa a Facebook don an samu izinin wani yaro a gidan ba. Mai hoto shi zai faɗi wanda za a nuna da wanda za a rufe, a rubuta, a kuma kiyaye.

Sannan ɗalibin ya zauna da tsohon ko tsohuwar gidan ya tambayi sunan kowa da ke cikin hoton, da wurin, da shekarar, ko da ta lissafin "shekarar da aka tashe mu" ce, ya rubuta da fensir a jikin ambulan. Wanda yake ɗan shekara talatin ranar da aka rufe gulbin a 1978, yau ya haura saba'in da biyar.