Inshorar Lafiya: Wa Zai Biya Wa Talaka?

Ciwo ba ya sallama kafin ya shiga gida. A gidajen talakawa da dama a Nijeriya, da zarar rashin lafiya mai tsanani ta kwantar da mutum, sai a fara duba abin da za a sayar, ko akuya, ko hatsin rumbu, ko ma gona. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa. Wannan ita ce matsalar da inshorar lafiya take neman magancewa.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Jama'a masu yawa suna zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu guda, wanda ya kwanta ciwo sai a yi masa magani daga ciki. Da yake ba kowa ne ke kwanciya a lokaci ɗaya ba, kuɗin masu lafiya ne ke ɗaukar nauyin marasa lafiya.

A ƙasar Jamus aka fara kafa dokar irin wannan asusu a 1883, inda ma'aikata da iyayen gidansu suke haɗa kuɗin. Nijeriya ta bi wannan sawu da dokar 1999, shirin kuma ya fara aiki a 2005. Amma galibin waɗanda suka amfana ma'aikatan gwamnatin tarayya ne, domin daga albashi ake lissafin gudummawar. To, manomi da ɗan acaɓa da mai sayar da ƙosai fa? Ba su da albashin da za a yanka, alhali kuwa su ciwo ya fi durƙusarwa.

Ghana ta bi wata hanya dabam a 2003. Ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayayyaki da ayyuka domin ciyar da asusun, sannan ta ɗauke wa yara da tsofaffi da matalauta biyan gudummawa. Jama'a sun shiga da yawa, ko da yake jinkirin biyan asibitoci haƙƙinsu ya sha kawo cikas.

Daga baya Nijeriya ta gyara tafiya. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar a kan kowa, ta kafa asusu na musamman domin masu rauni.

Sai dai doka a takarda ba ta sauke zazzaɓi. Makomar shirin ta rataya ne a kan abubuwa uku. Na farko, a biya wa matalauci gudummawarsa daga haraji, a kuma saki kuɗin a kan kari. A taron Abuja na 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan adadi ba. Na biyu, a tantance mabuƙata da gaskiya, kada rajista ta zama rabon 'yan siyasa. Na uku, asibitin ƙauye ya kasance da magani da ma'aikata, domin katin inshora ba shi da amfani a ɗakin shan maganin da babu ko allura.

Ranar da mai naƙuda za ta isa asibiti a karɓe ta ba tare da an tambayi mijinta nawa ya zo da shi ba, a ranar ce za a ce inshora ta iso ga talaka.