A Gwada Iskar Ɗaki Kamar Yadda Ake Auna Haja

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku malamai da attajirai masu karanta wannan shafi, muna so mu jawo hankalinku ga wani al'amari da ya shafi ɗakunan da iyalinku suke kwana a ciki.

Akwai wata iska da masana suke kira radon. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Asalinta daga ma'adinin yuraniyom ne, wanda Allah ya sanya kaɗan-kaɗan a cikin ƙasa da duwatsu ko'ina a duniya, yakan kuma fi yawa a cikin dutsen giranit. Ma'adinin nan yana rikiɗa a hankali har ya haifar da wannan iska, ita kuwa ta ratso ƙasa ta fito. In a sarari ta fito, sai ta baje, ba ta da wani lahani. Amma in ta shigo ɗaki ta tsagar daɓe, ko ta gindin bango, ko ta inda bututun ruwa ya huda ƙasa, ɗakin kuwa a rufe yake, sai ta taru. Mai ɗaki ya yi ta shaƙa dare da rana, ɓurɓushinta yana maƙalewa a huhu yana ƙona shi a hankali. Bayan shekaru masu yawa, sai a ji an ce ciwon dajin huhu ya kama shi.

Wannan cuta ta daɗe tana kisa kafin a san sunanta. Tun a ƙarni na 16 aka lura masu haƙar ma'adinai a Schneeberg, cikin ƙasar Jamus, suna mutuwa da ciwon ƙirji tun ba su tsufa ba. Sai a 1879 likitoci biyu suka gane dajin huhu ne. Duk da haka mutane suka ɗauka abin na masu shiga rami ne kaɗai. A 1984, a jihar Pensilbaniya ta Amurka, wani injiniya mai aiki a wata tashar lantarki ta nukiliya ya zo shiga wurin aiki, na'urar tsaro ta kama ƙara. Da aka bi diddigi, sai aka tarar daga gidansa ya ɗauko abin, gama radon ta cika masa gida. Daga nan gwada gidaje ya bazu a Amurka da ƙasashen Turai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa, in aka ɗebe taba, radon tana cikin manyan abubuwan da ke jawo dajin huhu. Cikin kowane mutum 100 masu wannan ciwo, tsakanin 3 da 14 ita ce sanadinsu, gwargwadon ƙasar da suke zaune. Mai shan taba kuwa haɗarinsa ya ninka na wanda ba ya sha kamar sau 25. Ma'aunin iskar sunansa bekarel. A 2009 Hukumar ta ba da shawara kada iskar ɗaki ta wuce bekarel 100 a cikin kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da bisa, inda hakan ya gagara kuwa kada ta haura 300. Gidan injiniyan nan an sami kusan 100,000.

To, ina ruwanmu? Ƙasar Filato dutsen giranit ce, an kuma yi shekaru aru-aru ana haƙar kuza a kewayen Jos da Bukuru. Yashin da ya rage bayan an wanke kuza yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da irin wannan ƙarfi, ga shi tsibi-tsibi kusa da gidajen mutane. A arewacin Nijar kuma, tun 1971 aka soma haƙar yuraniyom a Arlit. Ban da wannan, zamanmu ya sake. Mai hali yanzu yana gina ɗaki da siminti, ya sa tagar gilashi, ya rufe ruf don na'urar sanyaya ɗaki. Talaka ma in hunturu ya kama yakan toshe kowace kafa, yara da almajirai su kwana a ƙasa. Duk inda iska ba ta shiga ta fita, nan radon take samun mazauni.

Kada wannan magana ta tayar wa kowa da hankali. Gidaje da yawa lafiya lau suke. Abin lura shi ne, gida biyu suna iya haɗa katanga, ɗaya ya cika da ita, ɗaya babu kome. Ido ba ya rarrabe su, hanci ma haka. Attajiri ba ya sayen zinariya da kallo, sai ya aza ta a sikeli. To, me zai sa ya yarda da iskar ɗakin 'ya'yansa ba tare da awo ba?

Gwajin ba shi da wuya. Wani ɗan gwangwani ne na roba, bai cika tafin hannu ba, ba ya bukatar lantarki. Ana ajiye ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya a ɗakin zama, har wata 3, saboda iskar tana hawa tana sauka bisa ga yanayi. Sa'an nan a aika da shi wurin masana su karanta. In ta yi yawa, akwai magani: a liƙe tsagar daɓe, a ƙara tagogi, ko a sa bututu a ƙarƙashin daɓe ya riƙa janye ta waje.

Wani zai ce ai ajali ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne. Amma malamai sun fi mu sanin cewa kiyaye rai yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo don tsarewa, kuma riƙo da sababi bai saɓa wa tawakkali ba. Maigida kuwa abin tambaya ne game da waɗanda ke ƙarƙashinsa.

Saboda haka muna roƙon Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, su sauƙaƙa wa jama'a samun abin gwajin nan, a fara da garuruwan haƙar ma'adinai da makarantun kwana. Muna roƙon attajirai masu gidajen haya su gwada gidajensu, kada kuma su yi gini da yashin kuza don araharsa. Muna roƙon malamai su faɗakar a wurin karatu da wa'azi. Kafin abin gwaji ya iso, kowa ya buɗe tagarsa, mai shan taba kuma ya bari. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyashe mu daga cutar da muke gani da wadda ba mu gani, amin. Haza wasalam.