Ba Duk Fitsarin Jini Ne Tsargiya Ba

Duk wanda ya tashi a bakin Binuwai, daga Garwa har Yola, ya san tsargiya. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982 cutar ta ƙara samun wurin zama a ƙauyukan da ke kewaye, har ta kai yaro ya yi fitsarin jini ba wanda zai ɗaga kai. Wannan sabo shi ne abin da ke damun wannan jarida, domin akwai wata cuta da ke fakewa a bayansa, wato ciwon dajin ƙoda.

Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya sun nuna cewa a 2022 mutum fiye da 430,000 ne suka kamu da shi, kuma maza sun kusa ninka mata. Ya fi kama wanda ya haura shekara 50, musamman mai shan taba, mai ƙiba ko mai hawan jini. In aka dubi rumfunan kasuwar Pitowa ko ta Mubi, ai siffar alhazanmu ke nan da yawa: zama tun safe har magariba, ga ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye hannun 'yan talla ana haɗiya kamar gyaɗa, alhali yawan shansu kan lahanta ƙoda.

Muguntar ciwon ita ce shirunsa. Yakan yi shekaru bai motsa ba. Jinin kan fito sau ɗaya, ba zafi, ya ɗauke wata da watanni, sai mutum ya sha maganin tsargiya ya ce ya warke. Kafin ciwon kwiɓi, ƙullutu a gefen ciki da rama su bayyana, sau da yawa ya riga ya yi nisa. Ita kanta tsargiyar in ta daɗe takan jawo dajin mafitsara, saboda haka babba ba shi da dalilin raina jini a fitsari ko da ɗigo ne. Haka yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da cikinsa ya kumbura gefe guda: kada a ce saifa ce a kai wa wanzami. Akwai dajin ƙoda na yara, kuma yana warkuwa in an kai asibiti da wuri.

Matakin farko ba shi da wuya: gwajin fitsari da hoton ciki, wanda ake kira eko, kuma ana yin su a Garwa. In likita ya ga tsiro, sai babban hoto na sikana. Maganin da ya fi tabbas shi ne tiyata, a cire tsiron ko ƙodar gaba ɗaya. A nan mutanenmu kan tsorata su gudu gida. To, ƙoda ɗaya mai lafiya ta ishi mutum rayuwa da fatauci. Amma in ciwon ya bazu zuwa huhu ko ƙashi, sai magunguna masu tsadar gaske, ga doguwar tafiya zuwa Yawunde ko Duwala, kuma galibi rage masa gudu kawai suke yi.

A lura, wannan ciwo daban yake da gazawar ƙoda mai kai mutum ga wanki. Shirin lafiya na bai-ɗaya da gwamnatin Kamaru ta ƙaddamar a 2023 ya mayar da kuɗin wankin ƙoda sefa 15,000 a shekara. Abin a yaba ne, kuma muna kira da a yi wa masu dajin ƙoda irin wannan rangwame, tun daga kuɗin hoto.

Su kuma sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin fatake, ya kamata su ware wani abu daga adashi da kuɗin ƙungiya domin gwajin membobinsu, maimakon jiran karo-karon ranar da mutum ya kwanta. Wanda kuma ke ganin likita yau a Yola, gobe a Garwa, ya riƙe hotunansa da takardun gwajinsa a jaka ɗaya da takardun kwastan, don kada kowane asibiti ya sake farawa daga tushe.