SHARHI: Kwamfuta ba za ta maye gurbin likita ba idan matashin ɗan wasa ya bugu a kai

A 2006, wani ɗalibi mai shekara 13 a jihar Washington ta Amurka, Zackery Lystedt, ya bugu a kai yana wasan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Aka mayar da shi fili a ranar, daga bisani ya yanke jiki ya faɗi, ya kuma tashi da naƙasa. A 2009 jihar ta kafa doka da sunansa: duk matashin da ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta girgiza a fitar da shi, kada ya dawo sai da rubutaccen izinin ƙwararren ma'aikacin lafiya. Zuwa 2014, dukkan jihohin ƙasar 50 sun bi sahu.

A wannan yanayi ne makarantu suka rungumi manhajar ImPACT, wadda masana a Jami'ar Pittsburgh suka ƙirƙira, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita a 2016. Kafin kakar wasa, ɗalibi kan zauna gaban kwamfuta a auna ƙarfin tunawarsa da saurin mayar da martaninsa. Idan ya bugu, sai a sake gwajin a kwatanta.

Sai dai ma'aunin yana da rauni. Ƙarancin barci ko hayaniyar ɗakin gwaji na iya karkatar da sakamako. Wasu 'yan wasa kan rage ƙoƙari da gangan a gwajin farko, domin raunin gaba ya ɓoyu. Shi ya sa taron ƙwararru na Amsterdam a 2022 ya jaddada cewa kada a yanke hukunci da sakamakon kwamfuta kaɗai.

Darasin ya shafi Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda Shugaba Bola Tinubu ya farfaɗo da ita a Oktoban 2024, kuma take kula da Gasar Wasannin Matasa ta Ƙasa. Sayen manhaja abu ne mai sauƙin shiga kasafin kuɗi. Abin da ke tsare ran yaro shi ne ƙa'idar da za ta hana mai horaswa mayar da shi fili, da likita mai ikon cewa a'a. Jami'an da ke tsara takardun manufofi su fara da wannan, kafin a kai ga maganar kwangila.